Keke Na Tsinka Zare: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Daki-daki

Tambayar da ta fi yawa daga masu ɗinki, musamman idan azumi ya raba tsakiya ko kaka ta yi an shiga bukukuwan aure, ita ce ta zare. Wani daga Birni, wata daga Garin Malam a nan Damagaram, wasu har daga Mirriya da Magariya, kukan dai ɗaya ne: an zura zare, an taka, ɗinki bai yi taƙi guda ba ya sake tsinkewa. Waɗanda abin ya fi damu su ne masu ɗinka zanen gado mai soso da barguna na kayan ɗakin amare, sai masu aikin wuya a kan shadda.

Bayanin nan ya shafi manyan kekuna masu ƙugiya mai juyawa, wato ƙarfen da ke kama zaren allura a ƙarƙashin keke: Juki irin su DDL-8700 da DDL-5550 da takwarorinsu ƴan China, da Singer 20U da ake surfani da shi. Akwai kuma keke mai dogon hannu, wanda ake shimfiɗa bargo a kan firam, tela ya riƙa tura kan keken maimakon ya tura yadi. Kamfanoni irin su Gammill da APQS da Handi Quilter na Amurka ne ke ƙera shi, ba kuma kasafai ake ganinsa a Damagaram ba, amma cikinsa iri ɗaya ne da na sauran, kuma zan faɗi inda ya bambanta.

Ka bi matakan a jere, kada ka tsallake. An jera su ne daga abin da ba ya cin ko dala zuwa abin da sai an kira makaniki. Kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada a kan ƙyalle, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza allura, ya murɗa noti, ya taɓa ƙoshiya, wato mazaunin zaren ƙasa, duk a zama ɗaya, ko keken ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, gobe ya dawo sai ya sake lalube.

Kayan da za ka tanada

Turnabis biyu, babba da ɗan ƙaramin nan na ƙoshiya. Fakitin sabuwar allura, mai goma. Ƙaramin buroshi, ko tsohon buroshin haƙori. Farin man keke. Fitilar waya. Ɗan guntun auduga, da sanfefa mafi laushi da za ka samu, lamba 1000 ko sama. Sai ƙyallen gwaji, kuma dole ya zama irin aikin da kake yi: idan zanen gado ne, haɗa yadin sama da soso da na ƙasa. Gwaji a kan atamfa falle ɗaya ba zai gaya maka komai game da bargo ba. Ka sa zare launi biyu, na sama daban na ƙasa daban, don ka gane wanda ke laifi.

Gargaɗi: moto mai kuloci yana ci gaba da juyawa bayan an kashe maɓalli. Ka kashe, ka riƙe ƙafafun hannu na keken, wato faifan da ake juyawa da hannu a gefensa, ka taka feda har ƙarar moton ta mutu, kafin yatsanka ya kusanci allura. Idan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, ta ɗauke kuran kana cikin dubawa, kashe maɓallin nan take, kada ta maido hannunka yana cikin ƙugiya.

1. Karanta bakin zaren da ya tsinke

Kada ka yi saurin yanke bakin ka yar. Ɗauko shi ka duba a haske, domin shi ne shaidar farko.

Idan ya tsefe, ya yi gashi, har silinsa ya tattare a bayan kafar allura, wani abu ne ke goge shi sannu a hankali: ko allurar ta yi masa ƙanƙanta, ko akwai kaifi a hanyarsa. Idan ya yanke ƙat, bakinsa sumul, an fizge shi ne lokaci ɗaya: ya maƙale a kon, wato robar da aka naɗo zaren a kai, ko ya naɗe a wani wuri, ko matsi ya yi yawa. Idan bakin ya dunƙule ya yi tauri, narkewa ya yi, wato allura ta yi zafi. Wannan na ukun yana faruwa ne da zaren roba a kan soso.

Duba kuma inda ya tsinke. A bakin allura? A can sama, har bakin ya koma wajen farantan matsi, wato ƴan faifan nan biyu da ke matse zaren sama? Ko kuwa na ƙasa ne ya tsinke, na sama yana nan lafiya? Sannan lura da lokacin: da fara ɗinki, ko sai ka ƙure gudu, ko sai ka zo kan kauri, ko a 20U sai allura ta yi gefe ɗaya. Riƙe amsoshin nan, za ka buƙace su a gaba.

2. Zare da kon

Warware kamar kamu biyu, ka naɗe a hannuwa ka ja. Zaren kirki sai ya ci maka hannu kafin ya tsinke. Wanda ya tsinke ba gardama ya mutu, babu gyaran keken da zai raya shi. Kon ɗin da ya daɗe a bakin shago rana tana dukansa, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, saman nasa yakan ruɓe; wani lokaci in ka warware layi biyu ko uku ka zubar, na cikin yana da sauran ƙarfi. Ja zaren tsakanin yatsu biyu, ka ji ko akwai ƙulli ko wurin da ya kumbura. Zare mai arha da shi ake gane shi.

Zaren aiki mai sheƙi, irin 120D/2, iri biyu ne a kasuwa. Na reyon ya fi laushi da kyau a ido amma ya fi rauni, na foliyesta ya fi jure gudu. Don ɗinkin zanen gado, foliyesta 40/2 shi ne na yau da kullum. Kada ka sa zaren aiki ka ɗinke bargo da shi don kawai launinsa ya dace da yadi.

Akwai maganar murɗi da mutane da yawa ba su lura da ita. Keke mai allura ɗaya yana son zare mai murɗin hagu. Riƙe zaren da hannu biyu, ka mirgina shi da yatsun dama zuwa wajenka: idan ya ƙara ɗaurewa, daidai ne, idan ya warware, murɗin dama ne, kuma ƙugiya za ta riƙa kwance shi har ya tsefe.

Yanzu ɗaga kai ka dubi sandar zare. Ramin da zaren ke bi a sama dole ya kasance saitin tsakiyar kon, ba a karkace ba. Duba ƙasan kon, ko zare ya zame ya shiga ƙarƙashinsa. Duba bakin robar, ko ta tsage tana kama zare. Zare mai santsi da na gwal suna zubowa da kansu. Yanko guntun tsohuwar safa siririya ka sa wa kon ɗin. Abu ɗaya kuma da na sha gani a shaguna a watannin Afrilu da Mayu: fanka. An juyo ta saitin tela saboda zafi, iska tana kaɗa zare yana naɗewa a sanda. Kashe ta ka gwada kafin ka zargi keke.

3. Allura

Nan zan daɗe, domin a ganina mafi yawan tsinkewar zare daga nan take, kuma ita ce mafi arha a duk kayan keke.

Cire wadda ke ciki ka sa sabuwa, ko da idonka bai ga laifinta ba. Lanƙwasar da ke tsinka zare ba ta ganuwa. In kana son tabbatarwa, mirgina ta a kan madubi, za ka ga bakin yana rawa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza allura bayan kamar awa 8 na ɗinki, soso da shadda mai ƙaro kuma suna dakusar da ita tun kafin haka. Barin allura sai ta karye kafin a canza, wannan ba tattali ba ne, domin dakusasshiyar allura ita ke zuwa ta ɓata ƙugiya.

Abu na biyu, irin allurar. Juki DDL na ɗinki miƙe yana cin DBx1. Singer 20U yana cin DPx5, wadda ake rubutawa 135x5 ko 134, haka ma yawancin kekuna masu dogon hannu 134 suke ci. Gindin DPx5 ya fi kauri, milimita 2 ne. Allurar keken gida irin Butterfly, mai gindi da ɓari ɗaya a shafe, HAx1 ce, ba ta da wurin zama a waɗannan. Idan ka aiki yaro Kasuwar Dole, ba shi tsohon fakitin ya tafi da shi, kada ka ce masa kawai ya sayo allurar babban keke. Organ na Japan, da Groz-Beckert da Schmetz na Jamus, su ne sanannu. Akwai jabu, kuma kafarsu ce ke tona su: ba ta da santsi, tana cin zare tun ranar farko.

Abu na uku, girma. Lamba 14 ta ishi atamfa da yadi mara nauyi. Shadda da aikin wuya, 14 zuwa 16. Zanen gado mai soso da bargo, 16 zuwa 18. A keke mai dogon hannu 18 ce aka fi amfani da ita da zare mai matsakaicin kauri, saboda kan keken yana tafiya ko'ina, siririyar allura tana lanƙwashewa. Ga gwaji mai sauƙi: zura zaren a allurar tana hannunka, ka riƙe zaren a karkace. Idan ta zame da nauyinta, sun dace. Idan ta tsaya sai ka girgiza, ƙara lamba ɗaya.

Abu na huɗu, yadda aka ɗaura ta. Allura tana da dogon kwari a ɓari ɗaya, da ɗan lotsawa a ɗaya ɓarin, saman kafa. Lotsawar ita ke fuskantar bakin ƙugiya. A Juki DDL dogon kwarin yana hagu, lotsawar tana dama, ana zura zare daga hagu zuwa dama. A 20U da mai dogon hannu, dogon kwarin yana kallonka, ana zurawa daga gaba zuwa baya. Tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure noti. Da yake gindinta zagayayye ne, tana iya juyawa lokacin ɗaurewa; sa tsinin tsohuwar allura a kafar ka riƙe ta a saiti.

Gargaɗi: idan allura ta karye, nemo dukan guntayen kafin ka sake takawa. Tsinin da ya faɗa cikin ƙugiya zai karce ta.

4. Sake zura zare tun daga kon

Kada ka ƙulla sabo a tsoho ka ja. Zare shi duka, ka fara daga farko, ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, tana sama don farantan matsi su buɗe. Kafin ka sa zaren, ratsa gefen tsaftataccen ƙyalle tsakanin farantan ka goge, gashin zare da ƙura suna taruwa a wurin. Tabbatar zaren ya shige tsakiyarsu, ya hau ƴar wayar nan mai tsalle da ke gefensu, ya bi ta hannun da ke hawa da sauka, bai kuma naɗe sau biyu a wani rami ba. Taɓa wayar da yatsa: in ba ta komawa da kanta, ko ta karye, sai an canza ta. A mai dogon hannu farantan ba sa buɗewa da kansu, sai ka kama zaren ta gefe biyu ka danna shi ciki.

Masu surfani da 20U su lura: ko ka cire ƙafar keke, dole ka saukar da maɗaginta kafin ka taka. In ba haka ba farantan suna buɗe, zare zai taru a ƙasa ya cukurkuɗe ya tsinke.

Idan tsinkewar a farkon ɗinki ce kawai, laifin hannu ne. Fara ɗinki hannun zaren yana can sama, ka riƙe jelar zare biyu har ɗinki uku na farko su kama. A tsakiyar bargo, fito da zaren ƙasa sama tukuna. Kada kuma ka juya ƙafafun hannu baya.

5. Kwarkwaro da ƙoshiya

Kwarkwaro, wato kanet, da ƙoshiyar da yake zama ciki, su za ka daidaita kafin ka taɓa matsin sama. Mutane da yawa suna yin akasin haka, shi ya sa suke wuni suna murɗa noti.

Fitar da kwarkwaron ka danna zarensa da farce. In ya lotsa, naɗin ya yi sako-sako. In ya taru gefe ɗaya, maɗaurin ya karkace. Kada a cika shi fal, kashi 80 cikin 100 ya isa. Kwarkwaron da ya faɗi ƙasa aka taka, ko bakinsa ya lanƙwashe, jefar da shi. Yana juyawa yana cijewa, kuma shi ke tsinka zaren ƙasa.

Ƙoshiya tana da ɗan fallen ƙarfe da zare ke bi ta ƙarƙashinsa. Datti yana maƙalewa a nan. Zura kusurwar takarda mai ɗan kauri ka fitar da shi, ban da allura ko reza, domin suna karce wurin. Sa kwarkwaron yadda in ka ja zare yana kallonka zai juya irin juyin agogo.

Sai gwajin matsi. A Juki da 20U, riƙe zaren ka bar ƙoshiyar tana lilo, ka ɗan girgiza hannu. Ta sauko kaɗan ta tsaya, daidai ne. Ta zube ƙasa, ya yi sako. Ta ƙi motsi, ya yi tsauri. Mai dogon hannu yana son ƙasa ya fi haka laushi: ɗora ƙoshiyar a tafin hannu ka ja zaren sama, ta miƙe tsaye amma kada ta bar tafin. Masu irin wannan keken sukan sayi ma'aunin matsin zare na TOWA don su daina kintace.

Notin da ake murɗawa shi ne wanda ke tsakiyar fallen ƙarfen, ba na ƙarshe da ke riƙe shi ba. Dama ƙari, hagu ragi, kuma ɗan kaɗan ake motsa shi, ƙasa da kwata na zagaye.

Gargaɗi: yi wannan aikin a saman faranti ko farin ƙyalle. Notin nan in ya faɗi a ƙasan shago ya tafi ke nan, sai sayen sabuwar ƙoshiya.

Da za ka mayar, danna har ka ji ta ce ƙas.

6. Matsin zaren sama

Yanzu ne lokacin notin da kowa ke gaggawar taɓawa. Sassauta shi sosai, ka yi ɗinki a ƙyallen gwaji, za ka ga zaren sama yana yin kunnuwa a ƙasa. Riƙa ɗaurewa rabin zagaye kana gwadawa, har kunnuwan su ɓace, ƙullin ya buya a tsakiyar yadi. Da zarar ya buya, tsaya. Mafi ƙarancin matsin da ya ba da ɗinki mai kyau shi ake nema. In ka ga launin zaren ƙasa yana leƙowa sama, ka wuce wuri, koma baya.

A aikin wuya ana son zaren sama ya ɗan zagayo ta ƙasa, don haka matsinsa ya fi na ɗinki miƙe laushi. Zaren gwal ya fi kowa son a sassauta masa.

7. Neman kaifi a hanyar zare

Idan bakin zaren tsefewa yake yi, kuma sabuwar allura ba ta magance ba, akwai inda ƙarfe ya yi kaifi. Kwance farantin allura ka share gashin da ya danƙare tsakanin haƙoran da ke jan yadi. Kada ka hura da baki, ciki kake tura dattin. Ɗaga farantin a haske ka dubi ramin: duk allurar da ta taɓa karyewa ta bar tabo a bakinsa. Masu 20U su duba ƙarshen ramin hagu da dama, nan allura ke duka idan an buɗe faɗin zigizag da yawa.

Ɗauki audugar ka shafa a ramin farantin, da ƙasan ƙafar keke, da kowane rami da zare ke bi, da bayan ƙoshiya, da bakin ƙugiya. Duk inda auduga ta kama, nan ne. Ramukan sama ma suna cinyewa: shekara da shekaru zaren roba yana bi, sai ya tona kwari a ƙarfen.

Ƙaramin tabo a faranti, yanki siririn sanfefa ka zura ka goge har ya yi santsi. In ramin ya faɗaɗa ko ya tsage, sayi sabo, ba shi da tsada. Bakin ƙugiya kuwa a taɓa shi da tsoro. Shafa kaɗan a gefensa ba laifi, amma wanda ya zauna yana gurza tsinin har ya gajarce, garin neman gira zai rasa ido, domin daga nan keke zai fara tsallake ɗinki.

Sai mai. A Juki, duba kaskon ƙasa: man ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa, kuma fari. In ya yi baƙi ko ja saboda ƙura, zubar ka wanke kaskon ka zuba sabo. Ka taka ka ga yana fantsama a ɗan gilashin da ke saman keke. Don sanin ko yana kai wa ƙugiya, cire ƙoshiya, ka bar keke ya yi gudu na minti 3, sannan ka sa farar takarda ƙarƙashin ƙugiyar na daƙiƙa 5. Siririn layin mai ya kamata ka gani. Ka yi nesa da yatsunka. 20U da mai dogon hannu ba su da kasko, ɗigo ɗaya ake sa wa ƙugiya da hannu, a kai a kai. Busasshiyar ƙugiya tana zafi tana cije zare. Man mota da man gyaɗa ba na keke ba ne. Na gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, keken da ba a rufe shi da dare ba, sai an share shi kowace safiya.

8. Yadi, gudu da hannun tela

Idan keke yana ɗinka ƙyalle lafiya amma yana tsinkewa a kan aikin gaske, dubi aikin.

DDL-8700 yana iya kai ɗinki 5,500 a minti, amma wannan na yadi mara nauyi ne. A kan soso allura tana zafi har ta narkar da zare. Rage gudu, ƙara tsawon ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, ƙara lambar allura. Wanda ƙafarsa ba ta iya lallaɓa moto mai kuloci, ya sa wa moton ƙaramin fule, ko in da hali ya koma moton servo, wanda ake saita gudunsa kuma ba ya cin wuta in ba a taka ba. Man silikon da ake ɗiga wa zare yana rage zafin. In an manna soso da gam, allura tana yin danƙo, sai a riƙa goge ta da alkol.

Nauyin bargo ma yana jawo matsala. Ya zubo daga tebur yana ja, allura tana lanƙwashewa tana gogar faranti. Ajiye wani tebur a hagunka ya ɗauki nauyin, ko yaron shago ya tallafa. Kada ka ja aiki ta baya, bar haƙora su yi tafiyarsu.

A surfani, yadin ya ɗaure sosai a zobe, ya kuma kwanta a kan faranti. In yana tashi yana bin allura sama, ƙugiya ba ta samun zaren da kyau. Sa takarda a ƙasa. Kada kuma ka tsaya wuri ɗaya allura tana ta soka rami guda.

A mai dogon hannu kuwa kuskuren shi ne ɗaure bargo tamau a firam. Tura yatsa daga ƙasa. In ba ka iya kama gaɓarsa ta farko daga sama ba, sassauta. Duba ƴar ƙafar da ke tsalle: idan allura tana can ƙasa, tazararta da faranti kamar kaurin kati ɗaya ce. In zaren yana tsinkewa ne kawai lokacin da ka tura keken wata fuska ɗaya, juya kafar allurar kaɗan ƙwarai zuwa gefe, ka gwada. In ya ƙaru, juya ta ɗaya gefen. Fizgar kan keke a kwana ma tana tsinka zare.

9. Saitin ƙugiya

Wannan ne na ƙarshe, kuma ba shi ake farawa da shi ba sai in matsalar ta fara ne daidai bayan allura ta daki fil ko ƙarfe, ko keke ya cije. Alamarsa tsinkewa haɗe da tsallake ɗinki, ko ƴar ƙara ƙas-ƙas, ko a 20U tsinkewa a gefe ɗaya na zigizag.

Dubawa ba ta da haɗari. Sa sabuwar allura, cire faranti, juya ƙafafun hannu zuwa wajenka har allura ta kai ƙarshen ƙasa. A sandar allurar Juki akwai layuka: a nan layin sama zai yi daidai da bakin bututun da sandar ke bi. Ci gaba da juyawa har layin da ke ƙasa da shi ya zo wurin, allura ta tashi kamar milimita 2 ke nan. A daidai lokacin tsinin ƙugiya ya kamata ya kasance tsakiyar allura, cikin lotsawar, ɗan sama da kafa. Tazararsu, a ƙa'idar Juki, milimita 0.04 zuwa 0.1 ce, wato kusan su taɓa juna amma ba su taɓa ba. Duba kuma ɗan yatsan ƙarfen da ke hana gidan ƙoshiya juyawa: sai da ƴar kafa da zare zai wuce ta wurin.

In ka ga ba haka ba, kuma ba ka taɓa kwance ƙugiya a gaban wanda ya iya ba, tsaya nan ka kira mai gyara. 20U ya fi wuya, domin dole saitin ya yi daidai a hagu da dama duka.

Maganar kuɗi

Matakai na 1 da 6 ba sa cin komai sai lokaci, haka ma yawancin na 4 da 8. Daga nan allura ce mafi arha, sai kwarkwaro da wayar tsalle, sai faranti da ƙoshiya da kwalbar mai. Ƙugiya ta fi su duka, moton servo kuma shi ne babban kashi. Yawancin kayan nan daga Kano suke shigowa, don haka farashinsu a sefa yana bin hawa da saukar naira da halin da iyaka ke ciki. Tambayi shago biyu ko uku kafin ka biya. Saye kafin azumi ya fi sauƙi a kan saye a goman ƙarshe, lokacin da masu gyara ma ba sa samuwa.

Ƙugiya iri biyu za a nuna maka, mai arha da ta Japan irin Hirose. Ga keken da ke aiki dare da rana, ta biyun nake ba da shawara. Idan mai gyara ya zo, nuna masa bakin zaren da ƙyallen gwaji, ka gaya masa matakan da ka riga ka bi, ku yi ciniki kafin ya kwance noti. In ya ce ƙugiya ta mutu, ce masa, "Malam, nuna mini inda ta ci," ka kuma karɓi tsohuwar. Kada ka sallame shi sai ya ɗinka kamu biyu ko uku a kan ainihin bargon ko shaddar da ke ba ka wahala, da zarenka, da irin gudun da kake aiki da shi.